Yarana uku sun dawo daga bakin daga suna shan giya, me zan yi?

Tambaya: Likita, ni laftanar ne, wata takwas ke nan da aka damƙa mini sojoji talatin da 'yan kai. Tun da muka dawo daga bakin daga, uku daga cikin yarana suka tsunduma cikin shan giya. Na yi musu faɗa, na tara kowa na yi lacca, ɗaya har ya kwana biyu a gadirum, amma kamar zuga su nake yi. Me ke hana wannan abu da gaske? Ba na son in rasa su, ba na kuma son sauran su bi sahu.

Amsa: Laftanar, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina aikin lafiyar ƙwaƙwalwa a tsakanin sojoji, kuma ba kowane hafsa ke cewa "ba na son in rasa su" ba. Da yawa abin da ke gabansu shi ne kada sunan rukuninsu ya fito a rahoton safe. Tambayarka biyu ce a haɗe, ta mutum ukun nan da ta sauran da ba su shiga ba tukuna. Amma bari in fara da gadirum, domin a nan ne rai ke iya salwanta.

Ina ƙaramin likita aka taɓa tashe ni daren Lahadi wayewar Litinin, wajen ƙarfe biyu, wai wani kofur da aka kulle tun safiyar Juma'a ya haukace. Laifinsa ya zo fareti yana warin giya. Na same shi rakuɓe a kusurwa, rigarsa sharkaf da gumi, hannunsa na rawa har ba ya iya riƙe kofin ruwa, yana kakkaɓe ƙwari daga jikinsa, ƙwarin da shi kaɗai ke ganinsu. Zuciyarsa na bugawa fiye da sau 130 a minti. Mai gadi ya ce mini ai wasan kwaikwayo yake yi don a sake shi, ranar Asabar ma ya faɗi yana shure-shure, suka watsa masa ruwa ya tashi. Bawan Allah nan shekara biyu ya yi yana sha kullum, ba wanda ya sani, aka yanke masa rana ɗaya.

Giya danne ƙwaƙwalwa take yi, kamar mai taka birki. Wanda ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwarsa takan ƙara wa kanta wuta don ta ci gaba da tafiya duk da birkin. Ranar da aka ɗage ƙafa kwatsam, wutar tana nan, ba abin da ke tare ta. Rawar hannu, gumi, tashin zuciya da rashin barci kan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Farfaɗiya kan zo cikin kwana biyun farko. Mafi muni, wato ruɗewa da gane-gane, yakan bayyana daga kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma yana kisa idan ba a kai mutum asibiti ba. Maganinsa kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne: diyazefam ko ɗan'uwansa, likita na rage shi a hankali cikin 'yan kwanaki, da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Saboda haka duk wanda za a kulle a kan giya, ma'aikacin lafiya ya fara ganinsa, ya tambaye shi kullum yake sha ko sai jefi-jefi. Wanda kuma aka kawo a buge, kada a bar shi shi kaɗai a kwance rigingine. A juya shi ta gefe, a riƙa leƙa shi, domin amai ya sha shaƙe mai maye a cikin barci.

Yanzu ga yaran naka uku. Ka zuba su a kwando ɗaya, ni kuwa zan yi mamaki idan abu ɗaya ne ke damunsu. Mafi yawan sojojin da giya ke jefawa cikin rigima ba irin kofur ɗin can ba ne. Samari ne 'yan shekara 19 zuwa 25, za su yi mako biyu ba su kurɓa ba, ranar da albashi ya shigo ko aka ba su fas sai su fita tare su sha har su yi mankas. Jikinsu bai kamu ba, amma su ne ke kifar da mota, su ne ke dambe da farar hula, su ne bindiga ke tashi a hannunsu, kuma a irin wannan dare ake yawan cin zarafin mata. Da yake sun fi yawa nesa ba kusa ba, ɓarnarsu a jimlace ta fi ta waɗanda suka kamu.

Sai wanda ko hayaniyar mashaya ba ya so, ɗakinsa yake shiga da kwalba don ya samu ya runtsa. Shi na fi jin tsoro. Ruwa ba ya tsami banza, ka bincika za ka tarar akwai abin da ya gani ko ya aikata a can da ke dawo masa da zarar ya rufe ido. Giya takan sa shi barci da wuri, wannan gaskiya ne. Sai dai a farkon dare tana danne matakin barcin da ake mafarki a cikinsa, idan ta fara barin jini wajen ƙarfe uku sai mafarkin ya dawo da ƙarfin da ya fi na da, ya farka a firgice, gari ya waye masa a gajiye. Gobe sai ya ƙara kwalba. Gudun gara ya yi, ya faɗa gidan zago.

Ba da ido ake rarrabe su ba, da tambaya ake yi. Tun 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wasu tambayoyi goma da ake kira AUDIT, kuma akwai gajerensu, AUDIT-C, mai tambaya uku kacal: sau nawa kake sha, nawa kake sha idan ka zauna, sau nawa kake shan awo shida, wato kamar ƙananan kofunan giya shida, ko fiye a zama ɗaya. Minti biyu sun isa. A 2016 rundunar Birtaniya ta yi wata dabara da ta burge ni, ta sa ana yin waɗannan tambayoyi a wurin likitan haƙori. Kowane soja dole ya je duba haƙori, daga kurtu har janar, don haka ba wanda za a nuna a ce ga wanda aka kira ofishin masu shaye-shaye. Fiye da rabin waɗanda suka amsa a shekarar farko makinsu ya nuna suna shan da ke iya kai su ga illa. Ka nemi ma'aikacin lafiyar bataliyarku ya yi wa duka yaranka, har da kai, ba ukun nan kaɗai ba.

Maganar awo tana da amfani a wurin soja, domin soja na girmama lissafi. Kwalbar giya mai mililita 500, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, tana ɗauke da kusan gram 20 na tsantsar barasa. Hantar babban mutum kan tace gram 7 zuwa 10 a awa ɗaya, kuma ba abin da ke sa ta ƙara sauri. Wankan ruwan sanyi, kofi, gudun safe, duk wartsake ido suke yi, jinin yana nan yadda yake. Wanda ya zauna da ƙarfe tara na dare ya shanye kwalba shida ya zuba wa kansa gram 120, hantarsa na buƙatar awa 12 ko fiye. Ƙarfe shida na safe da za ka miƙa masa bindiga ko makullin mota, da sauran giya a kansa, ko da ya tsaya ƙyam ya sara maka. Shi ya sa a rundunonin Amurka matuƙin jirgin sama ba ya tashi sai ya yi awa 12 rabonsa da giya. Ban ga dalilin da zai sa direban motar da ke ɗauke da mutum ashirin ya bi wata doka dabam ba.

Idan muka koma kan sauran talatin ɗin, akwai gaskiyar da hafsoshi ba sa son ji. Aikin soja da kansa ya koya wa soja sha. Sojojin ruwan Birtaniya sun shafe ƙarnuka ana raba musu barasar ram kullum. A 1740 Admiral Edward Vernon ya ba da umarnin a riƙa sirka ta da ruwa saboda buguwa ta yi yawa, amma rabon bai tsaya ba sai ranar 31 ga Yuli, 1970, da aka ga ba zai yiwu mai sarrafa na'urorin zamani ya riƙa aiki da barasa a kai ba. Amurka ta riga su, tun 1914 sakataren sojojin ruwanta Josephus Daniels ya hana giya a jiragen yaƙi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ana ba sojan Birtaniya ram a cikin ramukan yaƙi, a 1941 kuma Tarayyar Sobiyet ta fara ba da gram 100 na barasar bodka kullum ga wanda ke bakin daga. An daina rabon, amma tunanin ya zauna: giya ce ladan wahala, ita ce maganin tsoro, da ita ake zama 'yan'uwa.

Alƙaluma ma sun nuna haka. A 2012 cibiyar Institute of Medicine ta Amurka ta ba da rahoto cewa sojojin da ke shan awo biyar ko fiye a zama ɗaya sun tashi daga kashi 35 cikin 100 a 1998 zuwa kashi 47 a 2008, lokacin da ya haɗa da shekarun yaƙin Iraƙi da Afganistan. Binciken da Kwalejin King's ta Landan ta buga a 2010 ya gano kashi 13 na sojojin Birtaniya na shan da ya kai ga cutarwa, alhali masu ciwon firgicin bayan yaƙi, wanda likitoci ke kira PTSD, kashi 4 ne. Kowa na maganar firgici, giya kuwa ta ninka shi uku. Wani babban bincike a Amurka a 2008 ya nuna waɗanda suka ga yaƙi ido da ido sun fi faɗawa sabon sha bayan dawowa, musamman matasa da sojojin ko-ta-kwana da ke watsewa cikin farar hula da zarar an sauka. Abin da ya sami yaranka ke nan, a lokacin da aka san yana samun mutane. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne zagayen binciken Landan da aka fitar a 2018 ya nuna adadin ya sauko zuwa kashi 10. Abu ne mai motsawa.

Lacca kuwa, kada ka ji haushin kanka, kowa da ita yake farawa. Matsalarta ita ce ba jahilci ke sa su sha ba. Yaron da ya ga nakiya ta tashi da abokinsa, ba za ka tsorata shi da ciwon hantar da zai zo bayan shekara ashirin ba. Tana ma iya yin ɓarna. Idan ka tsaya gaban fareti ka ce shaye-shaye ya yi katutu a rukunin nan, abin da sabon kurtu ya ji shi ne ashe kowa na sha, ni ne bare. An daɗe da lura cewa matasa kan zaci abokansu na shan fiye da abin da suke sha a zahiri, sai su ƙara don su kamo. Kai kana da uku cikin talatin da 'yan kai. Wannan lissafin ya kamata yaranka su riƙa ji daga bakinka: a nan, tara cikin goma suna zuwa aiki garau.

Abin da ya fi lacca aiki ba shi da armashin faɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a bariki sananniya ce: giya mai araha, kusa da ɗakin kwana, a buɗe har tsakar dare, a kan bashi. A ko'ina aka auna, ƙarin farashi, rage lokutan sayarwa da hana talla su ne suka fi rage sha, kuma su Hukumar Lafiya ta Duniya ke sa wa a gaba. A 2013 sojojin ruwan Amurka suka taƙaita sayar da giya a kantunansu daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare. A 2004 wani sansanin sojojin sama mai suna F. E. Warren, a jihar Wayomin, ya fito da wata doka mai lamba huɗu, 0-0-1-3: babu sha ga wanda bai kai shekara 21 ba, babu tuƙi bayan an sha, awo ɗaya a awa, kada a wuce uku a dare. Ni ban ɗauki lambobin a matsayin laƙani ba, kuma ga wanda ya riga ya kamu ko ɗaya ta yi yawa. Abin da na gani a ciki shi ne an ba yaro ma'aunin da zai iya riƙewa a ka, maimakon a ce masa ya sha daidai wa daida, maganar da kowa ke fassarawa yadda ya ga dama. Ba kai ke sa farashi ba, na sani. Amma kana iya kai wa kwamandanka maganar lokacin rufe kanti da maganar bashi, kuma irin wannan shawara daga ƙaramin hafsa takan samu shiga idan ya zo da lissafin mutum nawa suka makara fareti a watan jiya da ranakun da abin ya faru. Ka duba da kanka, za ka ga sun taru a bayan ranar albashi.

Wataƙila ka ce to me zai hana a hana gaba ɗaya? A fagen daga hanin yana da ma'ana, kuma tun yaƙin Tekun Fasha a 1990 kwamandojin Amurka ke sa shi a cikin umarninsu na farko. Amma na ga abu biyu da ke biyo baya. Wanda aka hana wata shida yakan dawo da kuɗin da suka taru da ƙishin da ya taru, jikinsa kuma ya manta da awon da ya saba, sai ya sha na da ya kwanta asibiti. Na biyu, inda aka hana ba a tanadi komai ba, sha yakan koma ƙarƙashin gado: barasar da ba a san wanda ya dafa ta ba, wadda wani lokaci ke ɗauke da sinadarin metanol mai makantarwa, ko kuma a koma ƙwayoyi, waɗanda ba su da wari balle saje ya ji. A lokacin yaƙin Afganistan, Birtaniya ta riƙa tsayar da sojojinta da ke dawowa daga can a tsibirin Sayifurus na kwana ɗaya ko biyu, su huce tare kafin su shiga gida. Ko ba ku da irin wannan, makonni shidan farko bayan dawowa su ne ya kamata ka sa wa ido fiye da kowane lokaci.

Akwai wani bincike da nake yawan tunawa, ko da yake a kan hodar heroyin aka yi shi. A farkon shekarun 1970 wata malama mai suna Lee Robins ta bi sawun sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam. Kusan ɗaya cikin biyar sun kamu a can, aka yi ta fargabar za a cika gari da 'yan maye. Da suka koma gida, wuri ya sauya, abokai suka sauya, abin ya yi wuyar samu, sai ga shi kusan kashi 5 kawai daga cikinsu suka sake kamuwa a shekarar farko. Darasin da na ɗauka shi ne wuri da abokan zama suna da ƙarfin da ba mu cika ba su ba. A wurinka wannan na nufin ɗakin kwana, da wanda yaro ke zama da shi daga ƙarfe biyar na yamma zuwa goma na dare. Soja a bakin daga kowane minti nasa da aiki. Ya dawo bariki, an tashi aiki da azahar, iyali na nesa, jiki ya saba da tashin hankali, sai shiru ya yi masa yawa. Ƙwallo da yamma, gasa tsakanin sashe da sashe, ajin koyon sana'a ko na jarrabawar ƙarin girma, da ba da hutun zuwa ganin iyali a kan lokaci, waɗannan ba kayan ado ba ne. Kuma ka raba ukun nan, kada su ci gaba da kwana ɗaki ɗaya.

Sai sajanka. Kai za a yi maka canjin wuri nan da shekara ɗaya ko biyu, shi kuwa yana nan, shi yara ke kallo. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha. Idan shi ne ke tara su a wanke sabuwar igiya da kwalabe, ko yake tsokanar wanda ya ƙi sha da cewa bai cika namiji ba, duk abin da ka faɗa a fareti ya tashi a banza. Ka zauna da shi da kofurorinka tun kafin ka sake magana da yara. Ku yarda a kan 'yan abubuwa kaɗan: ba a tilasta wa kowa kurɓa, duk taron rukuni akwai abin sha marar sa maye kuma ba a ɓoye a lungu ba, duk fita akwai wanda bai sha ba da zai dawo da mutane, kuma wanda ya kira cikin dare ya ce a zo a ɗauke shi ba ya iya tuƙi, ba za a hukunta shi a kan kiran ba. Idan sajan da kansa ne ke da matsalar, to da shi za ka fara, a keɓe, ta hannun samanja.

Maganar rashin hukunta wanda ya kira ta kawo ni ga abin da na fi so ka riƙe. Horo yana da wurinsa. Wanda ya zo gadi a buge, ko ya taɓa makami, ko ya daki matarsa, doka ta hau kansa, kuma ta hau kan kowa daidai, mai igiya da mai anini. Abin da ke kashe mutane shi ne a hukunta wanda ya zo da ƙafarsa ya ce yana neman taimako. Muddin soja ya san faɗin gaskiya zai jawo masa cire igiya ko hana shi kwas, zai ɓoye har ranar da abin ya fallasa kansa da gawa ko da mota a rami. A 2009 sojojin ƙasa na Amurka sun gwada a barikoki uku su bar soja ya nemi maganin giya ba tare da an sanar da kwamandansa ba, a 2019 kuma suka faɗaɗa damar ga wanda ya kai kansa kafin ya yi laifi. A nawa aikin, duk lokacin da aka samu irin wannan sirri sai in ga manyan sajoji da hafsoshi sun fara zuwa, mutanen da a da ko a mafarki ba za su taka ƙofata ba. Wanda addininsa ko danginsa suka ɗauki giya abin kunya, ɓoyonsa ya fi na kowa zurfi, kuma sau da yawa limamin bariki ko fasto ne zai fara ji kafin likita. Ka san su, ka kuma tabbata sun san lokacin da ya kamata su riƙo hannun mutum su kawo shi asibiti. Dokar rundunarku ba a hannunka take ba, amma yadda za ka karɓi mutum na farko da ya zo maka, wannan a hannunka yake, kuma sauran na kallo.

Yadda za ka yi maganar ma yana da tasiri. Kada ka yi ta yana a buge, kada ka yi ta yana tsaye a ƙame, kada ka yi ta gaban kowa. Ka kira shi da hantsi, ka ce ya zauna. Ka faɗi abin da idonka ya gani kawai: "Kofur, sau uku ka makara a watan nan, ranar Talata kuma na ji wari. Da ba haka kake ba. Yaya barci?" Zai ce, "Lafiya lau, yallaɓai." Ka yi shiru. Shirun nan ya fi duk wata nasiha da za ka yi, kuma yawancin hafsoshi ba sa iya jure shi na daƙiƙa goma. Idan ya fara magana kada ka katse shi da wa'azi, kada kuma kalmar mashayi ta fito daga bakinka. Ka tambaye shi me giyar ke yi masa, sannan me take ci masa, ka bar shi ya lissafa da bakinsa. Irin wannan gajeriyar tattaunawa, ta minti goma zuwa goma sha biyar, an gwada ta sau da dama a asibitoci an ga tana rage sha a wurin waɗanda ba su kamu ba. Kuma ka yi tambayar da kowa ke gudu: "Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi. Idan ya ce e, ko ya sunkuyar da kai ya kasa amsawa, kada ka bar shi shi kaɗai, ka janye shi daga duk aikin da ke haɗa shi da makami ba tare da tozarci ba, ka kai shi wurin likita a ranar. Giya, baƙin ciki da bindiga a kusa, ba a barinsu su kwana ɗaki ɗaya.

Wanda ya kamu, aikin likita ne, kuma akwai magani. Bayan an fitar da shi daga kwanakin haɗari, akwai naltirekzon mai rage daɗin da ake ji da kwaɗayin sha, akwai akamfuroset mai taimaka wa wanda ya daina ya dore, akwai disulfiram mai sa jiki ya yi mummunan tashi idan aka sha a kansa, wanda ni ba na bayarwa sai ga wanda ya nema da kansa kuma akwai mai sa masa ido. A da mukan ce sai ya daina sha tukuna za a taɓa maganar firgicin. Yanzu an gane kuskure ne, tare ake yinsu, domin idan ka ƙwace kwalbar ka bar masa mafarkin, ka kashe maciji ba ka sare kansa ba. Idan yana da mata, a sa ta a ciki da yardarsa, ita ta fi kowa sanin ƙarfe nawa yake farkawa, kuma a tambaye ta a keɓe ko ita da yara suna cikin aminci. Zai iya komawa ya sha bayan wata uku, wannan ba baƙon abu ba ne. Kofur ɗin da na ba ka labari sau biyu ya zame kafin ya tsaya, ya kuma yi ritaya da igiya uku a hannu.

Shi kuwa wanda ya kwana biyu a gadirum, gobe ka nemi wanda ya yi gadinsa ka tambaye shi yadda dararen nan biyu suka kasance. Idan ya ce ya yi barcinsa ya ci abincinsa, to da alama ɗan ranar albashi ne, zama da kai da sajan da sauya masa ɗaki na iya wadatarwa. Idan kuwa ya ce bai runtsa ba, ya yi ta gumi, hannunsa na rawa da safe, kada ka ce masa ya daina sha daga yau. Ka raka shi asibiti da kanka, ka faɗa wa likitan abin da mai gadin ya gani.